Yadda Za Ku Shirya wa Yara Tashe a Legas

A Kano ko Zariya, da azumi ya kai goma ga wata ba sai an ce wa yaro ya fita tashe ba. Nan Legas kuwa sai babba ya tsaya a kai, domin yawancin yaran da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ba su taɓa ganin Jatau mai magani da idonsu ba. Ga yadda muke yi a layinmu, kusa da Zangon Agege.

Tun kafin a ga wata ku sanar da limamin unguwa, da masu gidajen haya, da masu gadin ƙofar layi. Maƙwabtanmu Yarabawa ba sa wahalar fahimta, don su ma suna da kiɗan tada mutane sahur, wanda suke kira were, daga cikinsa ma fuji ya fito. Ku dai gaya musu wasan yara ne, bayan asham za a fara, kafin ƙarfe goma an watse.

Kayan wasa ba sa cin kuɗi. Gwangwanin madara da tsakuwa a ciki, tsohuwar jarka a madadin ganga, auduga da ɗan koko a liƙa gemu, gawayi, tsumma, sanda. 'Yan mata kuwa a samo musu ƙwarya a kasuwar Mile 12, a kifa ta a kan ruwa cikin baho, a ba su ludayi su kaɗa.

Inda aikin yake shi ne koyarwa. Ku nemi dattijuwa ko dattijon da ya yi tashe a gida, yara su zauna gabansa bayan la'asar. Kada a tsaya ga haddar waƙa kawai. Yaron da zai yi Tsoho da gemu ya san cewa tausayin tsofaffi ake tuna wa jama'a, sai ka ga ya ranƙwafa yana dogara sanda da gaske. Masu Ga Mairama ga Daudu su san zaman aure ake nunawa, abin da miji ke bin mata da abin da take binsa. Mai yin Jatau ya rataya jaka cike da saiwoyi da ƙulle-ƙulle, ya iya jero cututtuka da maganinsu ba gargada. Yaranmu Hausarsu ta gauraya da Yarabanci da Turancin buroka, to a riƙa tsayawa a kan kowane baiti ana yi musu bayani. Ni wannan zaman ya fi mini fitar kanta daraja.

Wasanni biyu nake ba da shawarar a yi hattara da su. Macukule kwaikwayon Gwari ne, a gida an san wasan barkwanci ne, amma a gidan haya mai ƙabilu barkatai wani zai ɗauka cin fuska ne. Tashen gwauro kuma, wanda Nalako, sarkin gwauraye, ke jagoranta a Kano, bai dace da nan ba yadda yake. Maza da yawa sun bar iyali a Arewa sun zo neman halak, ba daidai ba ne yara su taru ƙofar ɗakinsu suna yi musu waƙa. Sai in mutum ya yarda da bakinsa.

Ranar fita, kowace ƙungiya kada ta wuce yara takwas, da babba ɗaya a bayansu riƙe da tocila. Gidajen da aka sani kaɗai za a shiga. Ba tsallaka babban titi, ba kusantar layin dogo. A yi sallama, in an ce akwai mara lafiya ko jariri na barci a wuce.

Abin da aka samu, kuɗi ko shinkafa ko dabino, babban ne zai riƙe, a raba a gaban kowa daren nan. Idan goman ƙarshe ta shigo a ajiye gwangwanaye, a bar wa masu tahajjudi dare.