Shawara ga Masu Karatun Sinanci a Jami'a

'Yan'uwa ɗalibai da kuka fara digiri a harshen Sinanci da al'adun Sin, ku ba karin sauti muhimmanci tun daga zangon farko, domin Sinancin Mandarin yana da karin sauti 4, kuma wanda bakinsa ya saba da gurɓataccen furuci yakan sha wahala kafin ya gyara. Mu Hausawa mun yi sa'a, tunda harshenmu ma yana bambanta ma'ana da hawa da saukar murya. Kada ku dogara da rubutun pinyin, wato rubuta furucin Sinanci da haruffan boko, kaɗai, ku riƙa rubuta haruffan Sinanci da hannu kullum bisa tsarin zanensu. Ku kuma zauna jarrabawar HSK, wadda ake gwada ƙwarewa a harshen Sinanci da ita, da wuri, saboda jami'o'in Sin da dama suna neman sakamakonta kafin su ba da gurbin ƙaro karatu.