Darasi na Tara: Kuɗin Nakasa da Takardar Haraji a Amurka

Wannan darasi na 'yan'uwanmu ne mazauna Amurka waɗanda ciwo ko haɗari ya hana su aiki, har gwamnati ta fara biyansu duk wata. Na matansu ne kuma da 'ya'yansu, domin galibi su ne masu karanta wasiƙun gida. Ku tanadi fensir da takarda, akwai lissafi a gaba, amma bai wuce raba biyu da tarawa ba.

Wani dattijo, tsohon direban tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, ya taɓa zuwa ajinmu da ambulan a cikin ledar magungunansa. Wata biyu wasiƙar na hannunsa bai buɗe ba, har gefenta ya yi laushi saboda naɗewa. A bakin masallaci aka gaya masa wai gwamnati za ta karɓe kashi 85 cikin ɗari na kuɗin da take ba shi. Da muka buɗe muka yi lissafi, sai ga shi ko kwabo ba a bin sa. Ya jinjina kai ya ce, "Malam, ashe wata biyu ina kwana da fargabar banza." Saboda irinsa aka rubuta wannan babi.

Wane kuɗi kake karɓa?

Mutane kan ce "kuɗin nakasa" kamar abu ɗaya ne, alhali a wajen hukumar haraji ta IRS kowanne da hukuncinsa.

Akwai SSDI. Wannan na wanda ya yi aiki ne shekaru ana cirar masa wani kaso daga albashi, sannan lalura ta same shi. Hukumar SSA, mai kula da fanshon tsufa da na nakasa, ita ke biya. Shi ne kuɗin da haraji kan iya hawa kansa, kuma a kansa za mu daɗe.

Akwai SSI, wanda ita ma SSA ce ke biya, shi ya sa ake rikita su. Shi tallafi ne ga mai ƙaramin ƙarfi, tsoho ko makaho ko mai nakasa, ko da bai taɓa aiki a ƙasar ba. Babu haraji a kansa, ba a ma rubuta shi a takardar haraji. Haka kuɗin nakasa da ma'aikatar tsofaffin sojoji ta VA ke biya. Diyyar rauni a wurin aiki ita ma a ƙa'ida babu haraji a kanta, sai dai idan an rage maka SSDI saboda kana karɓarta. To wannan ɓangaren da aka rage ana lissafa shi tamkar SSDI ne.

Idan ba ka tabbatar da wanda kake karɓa ba, duba wasiƙar da aka aiko maka lokacin da aka amince da buƙatarka. Wasu suna karɓar SSDI da SSI a tare. Mai irin wannan hali, SSDI kaɗai zai saka a lissafi.

Takardar watan Janairu

Kowace shekara a watan Janairu SSA na aiko wa mai karɓar SSDI takarda mai suna SSA-1099. Ita ce dattijon nan ya ƙi buɗewa. Ba takardar bashi ba ce. Shaida ce ta abin da aka biya ka bara, kuma IRS ma na da wannan bayani.

A jikinta akwai akwatuna masu lamba. Na 3 yana nuna jimillar abin da aka biya ka. Na 4 abin da ka mayar, idan an taɓa biyanka fiye da ƙima ka dawo da shi. Na 5 shi ne na 3 bayan an debe na 4, kuma shi ne abokin aikinmu. Ku zagaye shi da fensir. Na 6 harajin da aka riga aka cire ne, ga wanda ya nemi a riƙa cire masa.

Kusan kowa ya kan yi ƙorafi iri ɗaya a nan: "Ai abin da ya shiga bankina bai kai wannan ba." Gaskiya ne. Idan kana cikin inshorar lafiya ta Medicare, ana cire kuɗinta tun kafin a turo maka saura, amma a idon hukuma an biya ka shi. Kada ka tara abin da ka gani a banki ka rubuta. Lambar akwati na 5 ake so, yadda take.

Wanda tasa ta ɓace zai iya samun wata ta asusunsa na SSA a intanet, ko ya je ofishinsu. Mai karɓar SSI kaɗai kuwa kada ya zauna jira, ba a aiko masa.

Lissafin rabi

Ka raba lambar akwati na 5 gida biyu, ka ɗauki rabi. Ka tara shi da duk sauran kuɗin da ya shigo maka a shekarar: albashi, ribar sana'a, fansho, kuɗin haya, kuɗin ruwan ajiyar banki, har da irin wanda aka yafe wa haraji. Idan kai da matarka kuke cika takarda ɗaya, nata ma ya shiga. Abin da ya fito sai ka auna shi da iyakar da doka ta sa.

Ga mai cika takarda shi kaɗai, iyaka ta farko dala 25,000 ce, ta biyu 34,000. Ga miji da mata masu cikawa tare, 32,000 da 44,000. Idan jimillarka ba ta wuce iyakar farko ba, babu haraji a kan SSDI ɗinka. Tsakanin ta farko da ta biyu, abin da zai shiga lissafin haraji ba zai wuce rabin kuɗin ba. Sama da ta biyu, zai iya kaiwa kashi 85 cikin ɗari.

Ga inda maganar bakin masallaci ta samo asali, ga kuma inda ta karkace. Kashi 85 ɗin nan ba shi ne harajin ba. Shi ne mafi yawan ɓangaren kuɗinka da za a ɗora a sikeli tare da sauran abin da ka samu, sannan a yanke haraji a kai gwargwadon matakinka, kashi 10 ko 12 ga mafi yawan masu ƙaramin samu. Kashi 15 kuwa ba a taɓa shi ko nawa kake samu.

Mu gwada. A ce mutum ba shi da aure, akwatinsa na 5 ya nuna dala 16,800, ba shi da wani samu. Rabi 8,400 ke nan. Ina 8,400, ina 25,000? Babu haraji, kuma galibi irinsa ba dole ba ne ma ya cika takarda.

Yanzu a ce magidanci ne mai karɓar dala 18,000, uwargidansa na aikin kula da tsofaffi a gidajensu tana samun 30,000. Rabin nasa 9,000, a tara da nata ya zama 39,000. Sun haura 32,000 da 7,000. Rabin wannan 7,000, wato 3,500, shi ne zai shiga lissafi. A fom na 1040, wato babbar takardar harajin shekara, layi na 6a za a rubuta 18,000, layi na 6b a rubuta 3,500. Jimillar samunsu ta zama 33,500. A shekarar haraji ta 2024 rangwamen da ake yi wa ma'aurata masu cikawa tare dala 29,200 ne, saura 4,300. Kashi 10 na wannan wajen dala 430 ne, kuma mai yiwuwa abin da aka riga aka cire daga albashin uwargida ya biya shi har da canji.

Waɗannan iyakoki tsofaffi ne. Ta farko ta fito daga dokar 1983, ta biyu daga ta 1993, kuma ba a ɗaga su da tsadar rayuwa. A ganina wannan bai yi wa talaka adalci ba, domin dala 25,000 ta wancan zamani ba ita ce ta yau ba, ga shi ƙarin da ake yi wa masu karɓa yana tura wasu haye iyaka ba tare da sun ƙara wadata ba. Amma dokar ke nan, don haka a sake lissafi kowace shekara, kada a dogara da na bara.

Tarkon raba takarda

A gidajenmu da yawa kuɗin miji daban, na mata daban, kuma wannan tsari ne mai kyau. Sai dai wasu kan ɗauko shi su kai takardar haraji, kowa ya cika tasa. Idan kun zauna gida ɗaya ko da kwana ɗaya ne a shekarar, kuka kuma cika daban-daban, iyakarku ta koma sifiri. Magidancin nan na sama, maimakon 3,500, abin da zai hau layinsa na 6b zai zama 7,650, wato kashi 85 na 9,000. Akwai masu dalilin rabawa, amma a lissafa hanya biyun tukuna kafin a zaɓa.

Kuɗin yara kuma na yara ne. Idan ana biyan ɗanka wani abu saboda nakasarka, ko da ta hannunka yake biyowa, ba a tara shi da naka.

Kuɗin baya da ya zo a dunƙule

Neman SSDI na ɗaukar lokaci. Wani sai an ƙi shi, ya ɗaukaka ƙara, a shekara biyu ana abu ɗaya. Ranar da aka amince sai a biya shi na baya gaba ɗaya, akwati na 5 ya kumbura, ya tsallake iyakar da bai taɓa kusanta ba. Har ladan lauya, wanda yawanci kashi 25 ne cikin ɗari na kuɗin baya zuwa wata iyaka, yana cikin lambar, ko da yake bai taɓa shiga hannunka ba.

Doka ta buɗe ƙofa a nan. Takardar SSA-1099 na fayyace nawa ne na wace shekara. Kana da damar auna kuɗin kowace shekarar baya da samunka na waccan shekarar, idan hakan zai rage maka. Ba a komawa a gyara tsofaffin takardu. Duka a ta bana ake yi, a sa alama a layi na 6c. Jadawalin lissafin na cikin ɗan littafin IRS mai lamba 915. Wannan ba aikin da zan ce ka yi kai kaɗai ba ne. Ka kai wa masu shirin VITA, 'yan sa-kai da aka horar suna cika wa masu ƙaramin samu da masu nakasa takarda kyauta, sau da yawa a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa. Idan kuma mai cikawa na kuɗi ka je wa, ka tambaye shi kai tsaye ko ya gwada lissafin shekarun baya. Ka riƙe kwafi, kada kuma ka sa hannu a fom da ba a cika ba.

Wanda ya ga duk shekara ana bin sa, zai iya cika fom W-4V ya miƙa wa SSA a riƙa cire masa kashi 7, 10, 12 ko 22 duk wata, don kada nauyin ya taru masa zuwa 15 ga Afrilu, ranar ƙarshe ta miƙa takardar haraji. Yawancin jihohi, har da New York, ba sa ɗora nasu harajin a kan SSDI.

Ga masu niyyar tafiya gida Kano ko Maraɗi ko Kumasi su daɗe: SSI na tsayawa idan ka yi kwana 30 a jere a wajen Amurka, sai ka dawo ka sake yin 30 a jere kafin ya ci gaba. Wanda kuma ba ɗan ƙasa ba ne, ya koma gida da zama har aka daina lissafa shi mazaunin Amurka, idan ya cika sharuɗɗan ci gaba da karɓar SSDI, takardarsa SSA-1042S ce, kuma ana cire kashi 30 daga kashi 85 na kuɗin tun daga tushe, wato 25.5 cikin ɗari. A je ofishin SSA a yi tambaya kafin a yanki tikiti.

Aikin aji

Wata baiwar Allah ba ta da aure. Akwatinta na 5 ya nuna dala 14,000, ta kuma samu 20,000 daga fanshon tsohon wurin aikinta. Nawa ne rabin SSDI ɗinta? Nawa ne jimilla? Da nawa ta haura iyakar farko, kuma me za ta rubuta a layi na 6a da na 6b? Ku yi shi bibbiyu, ɗaya na lissafi ɗaya na dubawa. Mako mai zuwa duk mai takardar SSA-1099 ya zo da kwafinta, amma ya rufe lambar shaidarsa da sunansa da tawada kafin ya shigo aji.