Darasi Na Tara: Fuloraid a Masana'antar Takin Zamani

Takin zamani iri-iri ne. Yuriya daga iskar gas ake yin ta, don haka babu ruwanta da wannan darasi. Amma takin sufa, da duk takin da ke ɗauke da fosfet, daga wani dutse ake samo su. A cikin dutsen nan akwai sinadari mai suna fuloraid. A kowane kilo 100 na dutsen akan sami kilo 2 zuwa 4 na fuloraid.

A masana'anta ana niƙa dutsen ya zama gari, sai a zuba masa asid mai ƙarfi wanda ake yi da farar wuta. Da sun haɗu, fuloraid yakan tashi cikin tururi mai yaji. Mai aiki a wurin niƙa ƙura yake shaƙa, mai aiki a wurin haɗawa kuwa tururi. Masu wanke bututu da tankuna su ne suka fi kusa da ruwan asid ɗin kansa.

Abin da yake yi wa ƙashi

Fuloraid da ya shiga jini, ƙoda tana fitar da kusan rabinsa ta fitsari. Sauran yakan je ya zauna cikin ƙashi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har shekaru su ja. Ƙashin sai ya yi kauri fiye da kima, jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi su taurare. Da fari mutum zai ji ciwon baya da ƙugu, da nauyin jiki in ya tashi da safe. Zai ce gajiyar aiki ce, ko sanyin ƙashi. Nan ne abin yake ba ni tausayi, domin a wannan lokacin ne ya fi sauƙin tarewa, kuma a lokacin ne aka fi yin sakaci. Idan ya yi nisa, sunkuyawa takan gagara, juya wuya ma ya zama aiki.

Ba sabuwar cuta ba ce. Tun 1937 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Kaj Roholm, ya bayyana ta dalla-dalla bayan ya binciki ma'aikatan wata masana'anta a birnin Kofanhegan masu shaƙar ƙura mai fuloraid. Mai ciwon ƙoda ya fi kowa shiga haɗari, tunda jikinsa ba ya iya fitar da sinadarin yadda ya kamata.

Ƙunar da ba a ji nan take

Tururin yana sa hawaye, tari da zafin maƙogwaro. Wanda ya shaƙi mai yawa, ruwa na iya taruwa a huhunsa bayan wasu sa'o'i, ko da ya ji kamar ya warware. A kai shi asibiti, kada a bari ya tafi gida ya kwanta.

Asid mai fuloraid kuma, wanda kan samu idan tururin nan ya narke cikin ruwa, ƙunarsa daban take da ta wuta. Idan ruwa ya tsarma shi, zai iya taɓa fata ba a ji komai ba sai bayan sa'o'i, wani lokaci har 24. Alhali yana can yana ratsa nama, yana zuƙe sinadarin kalsiyam na jini, wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai. Saboda haka kada ku jira zafi. Ku tuɓe tufar da ta jiƙe, ku sakar wa wurin ruwa mai gudu na minti 15, ku shafa man kalsiyam gulukonet, wato maganin shafawa na irin wannan ƙuna, sannan a wuce asibiti. Idan ido ne, ruwa kawai, ban da man.

Kariya

Nauyin farko yana wuyan masu masana'anta. Su ne za su sa injinan zuƙe tururi da ƙura, su riƙa auna iskar wurin aiki. Ƙasashe da dama sun sa iyakar miligiram 2.5 na fuloraid a kowace mita kubik ta iska. Gwajin fitsari kafin shiga aiki da bayan tashi yana nuna yawan abin da ya shiga jikin ma'aikaci, kuma haƙƙinsa ne ya ji sakamakon.

Takunkumin takarda ba ya tare tururi. Sai na roba mai matatar asid, wanda ya zauna daram a fuska. A haɗa da safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido. Kada a ci abinci a wurin aiki. A yi wanka kafin a tashi, a bar kayan aiki a can, kada a kai wa yara ƙurar gida.

Aikin yi

Ku rubuta amsa a littafinku: a ina ake ajiye man kalsiyam gulukonet a wurin aikinku, kuma taku nawa ne daga inda kuke tsayawa zuwa famfo mafi kusa? Wanda bai sani ba, ya tambayi shugaban sashensa gobe, ya zo mana da amsar a darasi na gaba.