Gyaran motar daji a gida: fara da ƙarƙashinta kafin ka ƙara mata tsayi

Abin da ke kashe mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda ke shiga laka da rairayi da gargada, yawanci a ƙarƙashinta yake: ruwan da ya shiga aksil, giris ɗin da ya bushe a farfela, boris ɗin da ya fara wasa ba wanda ya lura. Duk waɗannan ana iya magance su a tsakar gida da kayan aiki kaɗan. Ɗaga mota, wato ƙara mata tsayi da sabon sifirin, da sa manyan tayoyi su biyo baya, don nauyi suke ƙara wa waɗannan sassa, ba sa rage musu.

Kafin ka kwanta a ƙasan mota, ajiye ta a wuri mai tauri wanda bai karkata ba, ja birkin hannu, sa giya, ka tokare tayoyin da ke ƙasa gaba da baya. Jak na ɗagawa ne kawai. Da zarar motar ta tashi, sauke nauyinta a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota, a ƙarƙashin shasi. Bulo yana farfashewa ba gargaɗi, kada ka yarda da shi.

Man aksil

Zagaya da motar kamar minti 10 don man ya yi ɗumi ya tsinke. Kowane aksil yana da noti biyu, na cikawa a gefe da na zubarwa a ƙasa. Na cikawa za ka fara kwancewa. Dalili kuwa, idan ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancuwa, ka tsayar da motarka ke nan. A yawancin Hilux da Land Cruiser soket mai lamba 24 ke kama su. Yi amfani da mai kusurwa 6, saboda kan notin gajere ne, mai kusurwa 12 yana cinye shi.

Kalli man da ke fitowa da kyau. Baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, tsufa ne kawai. Idan ya koma fari-fari ko ruwan toka mai kumfa, ruwa ya shiga. Notin zubarwa yana da maganaɗisu a bakinsa: laushin garin ƙarfe da ke maƙale a jiki ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji yana nufin haƙorin giya ko boris ya fara ci. Goge shi, sa sabuwar wasa, wato zoben da ke zama ƙarƙashin kan notin, ka ɗaure. A waɗannan motocin ƙarfin ɗaurin Nm 49 ne. Ɗura mai da famfon hannu har sai ya fara dawowa ta ramin cikawa, wannan shi ne ma'auninsa. Aksil ɗin baya yakan sha wajen lita 2 zuwa 4, gwargwadon mota.

Man aksil GL-5 ne, 80W-90 ko 75W-90. Idan aksil ɗin mai faifan kuloci ne a ciki, wanda ake rubuta wa LSD, sai man da aka rubuta hakan a jikinsa, in ba haka ba za ka ji yana gurnani a kwana. Kada ka ɗauki ragowar GL-5 ka juye a giyabos ɗin da littafinsa ya ce GL-4, don sinadarinsa yana iya taɓa zoben tagulla da ke daidaita shigar giya. Idan kuma ruwa ka samu a ciki, canji ɗaya bai isa ba: cika da sabo, yi tafiya ta 'yan kilomitoci, ka sake zubarwa.

Hanyar da ruwan ke bi

A saman kowane aksil akwai ɗan bututu mai hula, shi ne hancin da aksil ke numfashi da shi. Mai da iskar da ke ciki suna zafi su buɗe, dole su samu mafita. Matsalar tana zuwa ne idan aksil mai zafi ya faɗa ruwan sanyi. Iskar ciki ta tsuke nan take, sai ya zuƙo duk abin da ke kusa, ta hancin ko ta oyil sil. Idan kuma laka ta toshe hancin, matsin ciki ya tura mai ta sil ɗin, ya jiƙa birkin baya. Mutane da yawa suna canza sil sau biyu sau uku alhali hancin ne ya toshe.

Maganin yana daga cikin gyare-gyare mafi sauƙi kuma mafi amfani: a ja hancin zuwa sama. Wanke kewayensa tas kafin ka kwance, don kada yashi ya faɗa ciki. Je da tsohon wurin mai sayar da kaya don a gwada zarensa, a Toyota yawanci 1/8 BSP ne. Ɗaura mahaɗi mai bakin tiyo a gurbinsa, ka sa tiyo mai jure mai, milimita 6 ko 8. Aksil ɗin baya zai ci kamar mita 5 kafin ya kai cikin bonet.

Inda ake kuskure shi ne tsawon da aka bari tsakanin aksil da shasi. Ɗaga motar ta shasi har tayoyin su rataye, a wannan halin za ka auna, ka ƙara rara kaɗan, ka bi hanyar da tiyon birki ya bi. Idan ka auna mota tana zaune, rami na farko zai fizge tiyon. Daga nan bi jikin shasi kana ɗaurewa duk santimita 30, nesa da salansa, ba lanƙwasa mai kaifi, ba kuma kwarin da mai zai taru ya toshe. Ƙarshensa ya tsaya can sama cikin bonet, baki na kallon ƙasa, da ƙaramar filtar fetur a kai don tare ƙura. Giyabos da akwatin ogzilari, wanda ke raba ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya, su ma suna da nasu hancin, a yi musu haka.

Giris

Bayan kowace shiga ruwa ko laka, farfela na buƙatar giris. Goge bakin kowane nono, wato ɗan kan da giris ke shiga ta cikinsa, kafin ka ɗora bindigar giris. A mahaɗin kuros, buga har sai sabon giris ya fito ta robobi huɗun duka. Idan ɗaya ya ƙi, wannan kofin a bushe yake, kuma shi zai fara ƙara. Giris na lithium mai lamba NLGI 2 ya wadatar.

Wurin da farfela ke zamewa ciki da waje daban ne. Bugu uku ko huɗu, ka tsaya da zarar ka ga ya fara miƙewa. Idan ka cika shi maƙil, ba shi da inda zai koma in mota ta dira a rami, sai ya tura boris ɗin ogzilari. In za ka sauke farfela, yi wa fuskokin haɗinta alama da fenti, ta koma yadda ta fito, in ba haka ba rawa za ta biyo.

Boris da tayarod

Ɗaga ƙafa ɗaya, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Wasa a nan boris ne, ko mahaɗin da ƙafar ke juyawa a kai. Sa wani ya taka birki: idan wasan ya ɓace, boris ne. Kama ta hagu da dama kuma, tayarod kake gwadawa.

Tsofaffin motoci masu aksil ɗin gaba guda suna da boris da ake ɗaurewa a sassauta. A Land Cruiser 80, soket mai lamba 54 ake nema. Ana ɗaure notin ciki zuwa Nm 59, a juya ƙafar sau da yawa don boris ya zauna, a sassauta, sannan a mayar da shi da ɗan ƙarfi kaɗan, wajen Nm 5. Sai sabuwar wasa mai kunne, sai notin waje a Nm 64, a lanƙwasa kunne ɗaya ciki ɗaya waje. Bayan tafiyar kilomita 10 taɓa cibiyar ƙafar. Ɗumi daidai ne, zafin da hannu ba ya jurewa yana nufin ɗaurin ya yi yawa.

Ɗaga mota

Milimita 50 ita ce iyakar da ta dace da aikin gida. Abin da ya wuce haka yana jawo canjin wasu sassa da yawa. Ka kuma sani a aksil guda ɗagawa ba ta ƙara tazara tsakanin tulun aksil da ƙasa, taya ce kaɗai ke yin wannan. Abin da take bayarwa shi ne sarari ga ciki da goshi da gindin mota, da wurin da babbar taya za ta shiga.

Zaɓi sifirin gwargwadon nauyin da motar ke ɗauka kullum. Sifirin na kaya masu nauyi a mota marar kaya zai mayar da ita kamar amalanke, ya kuma hana tayoyi bin ƙasa. Shokazoba ta zo daidai da sabon tsawon. Bayan an ɗora, rataye aksil ka duba tiyon birki da wayar na'urar birki ta ABS, kada su miƙe kamar tsirkiya. Duk notin da ya ratsa bushin roba, kada a ɗaure shi ƙarshe sai mota ta sauka kan ƙafafunta, don in an ɗaure a rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Ƙarafan da ke rungume sifirin mai ganye da aksil a sa sababbi, a sake bin ɗaurinsu bayan kilomita 500.

Motar da kowace ƙafar gabanta ke motsi ita kaɗai, ɗagawa tana ƙara karkata sandunan da ke juya ƙafafun, robobinsu su riƙa yagewa. Mai aksil guda kuwa sitiyarinta yakan yi sako-sako, ya daina komawa tsakiya da kansa, aksil ɗin ma ya ɗan gusa gefe. Alaimen dole ne bayan aikin, kuma wannan ba na gida ba ne. Sifirin mai naɗi da ke haɗe da shokazoba ma gara a kai wa mai injin matsewa, don in ya kuɓuce yana karya ƙashi.

Taya da iska

Taya 265/70R16 tsayinta wajen milimita 777 ne, 285/75R16 kuwa wajen 834. Bambancin ya kai kashi 7 cikin 100, amma tsayin da aksil ya samu rabin tazarar ne kawai, kamar milimita 28. Agogo zai nuna 100 kana kan 107, jan mota zai ragu, birki ya ƙara nisa. Murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama ka ga inda take gogawa. Dukkan tayoyin, har da safaya, su zama girma ɗaya.

Rage iska ya fi yawancin kayan da ake saye amfani. A rairayi psi 16 zuwa 18, a duwatsu da tsakuwa 24 zuwa 28, gwargwadon nauyi. Ƙasa da 15 taya na iya zamewa daga wili a kwana. Mayar da iskar kafin ka hau kwalta, don taya mai ƙarancin iska tana zafi ta fashe a guje. A motar da ake sa wa ogzilari da hannu, cire shi a kan busasshiyar kwalta, tun da gaba da baya a kulle suke, ba inda ƙarfin murɗar zai fita sai ta haƙoran giya.

Ƙarin fitila

Fitila mai wat 120 a batir mai volt 12 tana jan amfiya 10. Ba ta waya mai kaurin 2.5mm², rile mai amfiya 30, da fiyus mai 15 a kusa da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Fiyus waya yake karewa, don haka duk tsawon da ke tsakaninsa da batir ba shi da kariya. Makunnin cikin mota rile kawai zai tayar, rilen ne zai kai wa fitilar wuta. Cire kan batir na ƙasa, mai alamar ragi (-), kafin ka fara, kuma duk inda waya ta ratsa ƙarfen bodi sa mata zoben roba, don gargada tana goge rigar waya cikin 'yan watanni. Wayar ƙasa a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare wa fenti, a shafa giris kaɗan a kai don tsatsa.