In kwamfuta ta ƙi tashi bayan an taɓa rabon diski

Ina gyaran kwamfuta a nan Damagaram, kuma wannan matsala ɗalibai suka fi kawo mini ita. Yaro ya so ƙara wa C, yankin diskin da Windows ke zaune, fili, ko ya yanka diski don ya sa Linux kusa da Windows, da ya sake kunnawa sai baƙin allo da rubutun "No bootable device" ko "grub rescue". Don Allah kada ka yi saurin sake zuba Windows. Galibi takardunka suna nan yadda ka bar su, hanyar da na'urar ke bi ta iske Windows ce ta ɓace.

Fara da cika batir, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu a kan diski, gyaran ya ninka. Ka cire duk kile (USB) da ke maƙale, ka kunna ka shiga BIOS, wato allon saitin na'urar da ke zuwa kafin Windows: danna F10 a HP, F2 a Dell.

Nan ne na fi samun laifin. Tsarin diski iri biyu ne, MBR da GPT. Hanyar tashi ma biyu ce a BIOS: Windows da ke kan MBR tana tashi ne da Legacy, wadda ke kan GPT kuma da UEFI. Wanda ya juya diskinsa daga MBR zuwa GPT da umarnin mbr2gpt, wanda Microsoft ta saka a Windows 10 a 2017, dole ya koma BIOS ya zaɓi UEFI, in ba haka ba allo zai tsaya baƙi ko da ba abin da ya lalace. Ka canza, ka ɗora Windows Boot Manager a saman jerin abubuwan da ake tashi da su, ka gwada.

In ba ta tashi ba, nemo kile mai Windows ka tashe ta da shi. Da allon farko ya fito, danna Maj (Shift) da F10 tare, baƙar tagar rubuta umarni za ta buɗe. Kula da madannai: namu na nan AZERTY ne, in kilen na Ingilishi ne, ka danna a sai q ta fito. Rubuta diskpart, sannan list disk. Tauraro a ƙarƙashin GPT shi ke nuna maka irin diskin.

In GPT ne, rubuta list volume ka nemo ɗan ƙaramin yanki mai FAT32, yawanci mega 100. Zaɓe shi da select volume da lambarsa, ka ba shi harafi da assign letter=S, ka fita da exit, sai ka rubuta:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

A wannan taga Windows kan koma D ko E, saboda haka ka duba da dir C:\ kafin ka rubuta, in ba ta nan ka sa harafin da take a maimakon C. In MBR ne kuwa, zaɓi diskin da yankin da ake tashi daga gare shi, ka rubuta active, ka fita, ka bi da bootrec /fixmbr da bootrec /rebuildbcd.

Kalma ɗaya nake roƙon ka nisanta a diskpart, ita ce clean. Tana share teburin rabon diski gaba ɗaya ba tare da ta tambaye ka ba.

In yankin Windows da kansa ne ba ya cikin jerin, tsaya nan, kada ka ƙirƙiri sabo a gurbinsa. TestDisk furogiram ne na kyauta, yana laluben iyakokin tsohon yankin ya nuna maka fayilolin ciki. Kwashe su zuwa wani diski tukuna, sannan ka bar shi ya sake rubuta teburin.