Yadda Ake Shirin Jarrabawar Jinyar Masu Tsananin Ciwo Tare da Abokan Aiki

Ma'aikacin jinya da ya daɗe a ɗakin kulawa ta musamman, wanda kowa a asibiti yake kira ICU, yakan tunkari jarrabawar ƙwarewa da tabbacin cewa hannunsa ya san aikin, kuma gaskiya ne hannun ya sani. Sai dai jarrabawa takan tambayi dalilin abin da hannun yake yi, da kuma abin da ya kamata a fara yi idan abubuwa huɗu duk suna da kyau amma ɗaya ya fi gaggawa. Wannan giɓi da ke tsakanin iya aiki da iya bayyana hujjarsa ba ya bayyana ga mai karatu shi kaɗai a ɗaki, domin wanda ya buɗe littafi ya ga abin da ya saba gani sai ya ɗauka ya fahimta. Yana bayyana ne lokacin da abokin aiki ya rufe littafin ya ce, "To, yi mana bayani." Amfanin rukunin karatu ke nan, kuma duk tsarin da za ku yi ya kamata ya karkata ga samar da wannan tambaya a kowane zama.

Kafin ku tara mutane, ku tabbatar da jarrabawar da kuke nufi. A Najeriya, Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa ce take yi wa ma'aikacin jinya rajistar wannan fanni, bayan ya kammala kwas na ƙarin ƙwarewa a makarantar da hukumar ta amince da ita, kamar wadda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Manhajar hukumar da jadawalin makarantarku su ne ma'auninku. Akwai kuma jarrabawar CCRN ta ƙungiyar ma'aikatan jinyar masu tsananin ciwo ta Amurka, mai tambayoyi 150 cikin awa 3, wadda ake ba da maki a kan 125 daga cikinsu, amma tana buƙatar lasisin aikin jinya na Amurka da awanni 1,750 na aiki kai tsaye da irin waɗannan majinyata cikin shekaru biyu. Littattafan shirinta suna yawo sosai a wayoyin ma'aikata a Kano, kuma tambayoyin gwajinsu suna da amfani wajen koyon tunani, amma kada su zama su ne manhajarku idan jarrabawar gida za ku zauna.

Rukunin kada ya wuce mutum huɗu zuwa shida. Idan ya fi haka, wasu za su zauna shiru daga farko har ƙarshe, kuma jadawalin diyuti ba zai taɓa barin ku haɗu duka ba. Ya fi kyau a gauraya masu gogewa daban-daban, domin wadda ta yi aiki a sashen haihuwa na Asibitin Murtala ta ga jijjigar masu ciki fiye da yadda littafi zai kwatanta, wanda ya zauna a Asibitin Ƙashi na Dala ya san majinyacin haɗarin mota, wanda kuma yake Asibitin Malam Aminu Kano ya fi samun damar taɓa na'urar numfashi da ta wankin ƙoda. Ku sa rana ɗaya ko biyu a mako da zarar jadawalin wata ya fito, ku zaɓi lokacin da bai biyo bayan aikin dare ba, domin wanda ya kwana a tsaye ba abin da zai riƙe. Tsakanin La'asar da Magariba yakan yi wa yawancin mutane daidai, musamman matan aure da ke son komawa gida da wuri.

Abin da ya fi kashe rukunin karatu a wurinmu shi ne kunya. Idan akwai babbar sista a zaman, ƙananan ma'aikata sukan ji nauyin su ce mata ta yi kuskure, ita kuma takan ji nauyin ta ce ba ta sani ba a gaban waɗanda take ba umarni da safe. Haka za a tashi kowa ya gyaɗa kai, kuskuren kuma ya bi mutum shida zuwa ɗakin jarrabawa. Saboda haka a zama na farko, babba a cikinku ne ya kamata ya fara furta ƙa'idar da bakinsa, cewa a wannan da'ira gyara wajibi ne kuma littafi ne alƙali. Masu haddar Alƙur'ani sun daɗe da warware wannan a musaffa, inda kowa yake karantawa bi da bi, kuma ko alaramma ne ya yi tuntuɓe, na kusa da shi zai ɗora shi ba tare da an ɗauke shi rashin ladabi ba. Girmamawa tana nan a gaisuwa da yadda ake magana, wanda zai yi gyara yana iya cewa, "Sista, a duba mana wannan adadin a littafi," amma gyaran dole ya fito.

Ku raba manhajar bisa sassan jiki, wato zuciya da jijiyoyin jini, numfashi, ƙwaƙwalwa, ƙoda da gishirin jini, ciwon suga da sauran cututtukan sinadaran jiki, sai kuma ƙuna da rauni da gubar jini. A nan akwai dabarar da mutane ba sa so amma tana aiki: kada a ba mutum ya koyar da sashen da ya fi ƙwarewa a kai. A ba shi wanda yake gudu, gwanin sashen kuma ya zauna a matsayin mai tambaya da gyara. Wanda yake tsoron karanta zanen bugun zuciya, idan ya san ranar Asabar zai tsaya gaban abokansa ya bambance nau'o'in toshewar saƙon zuciya, zai yi karatun da ba zai taɓa yi don kansa ba.

Kowane zama ya fara da majinyaci na misali, domin haka tambayoyin suke zuwa. A ce mutum mai nauyin kilo 60 ya zo da zazzaɓi mai zafi da rikicewar hankali, awon jininsa 90 bisa 50, fitsarinsa ya ragu. Sai mai gabatarwa ya tsaya, ya nuna mutum ɗaya ya lissafa matsakaicin matsin jini a fili. Ana ninka na ƙasa sau biyu, a tara da na sama, a raba uku, wanda a nan zai ba da kusan 63, ƙasa da 65 da ake nema a gubar jini. Na biye ya faɗi yawan ruwan da ake fara ƙarawa, mililita 30 ga kowane kilo cikin awanni 3 na farko, wato 1,800. Na uku ya faɗi fitsarin da ake sa ran gani, aƙalla rabin mililita ga kowane kilo a awa, wato 30. Na huɗu ya bayyana dalilin ɗaukar jini don gwajin ƙwayoyin cuta kafin a ba da maganin kashe su, da kuma dalilin da ya sa ba a jinkirta maganin don jiran gwajin. Idan ruwa bai ɗaga jinin ba, a tambayi maganin da ake farawa da shi, wato noradirenalin, daga nan kuma a shiga lissafin da ya fi kayar da mutane.

Lissafin magani ya cancanci kaso mai tsoka na lokacinku, kuma kowa ya yi shi a takardarsa kafin a kwatanta amsa. Idan an zuba miligiram 4 na noradirenalin a sirinji mai mililita 50, kowace mililita tana ɗauke da maikirogiram 80. Likita ya rubuta maikirogiram 0.1 ga kowane kilo a minti, saboda haka majinyacin mai kilo 60 yana buƙatar maikirogiram 6 a minti, 360 a awa, wanda idan aka raba da 80 zai ba da mililita 4.5 a awa a kan famfon sirinji. Wanda amsarsa ta bambanta kada a faɗa masa daidai kawai a wuce, a sa shi ya karanto matakansa har a ga inda ya zame, domin yawanci wuri ɗaya ne yake maimaita zamewa, ko dai wajen juya miligiram zuwa maikirogiram ko wajen manta ninkawa da 60. Haka ma lissafin ruwan mai ƙuna bisa ƙa'idar Parkland, mililita 4 sau nauyi sau kason jikin da ya ƙone. Mai kilo 70 da kashi 30 na jikinsa ya ƙone yana buƙatar 8,400 cikin awanni 24, rabinsu a awanni 8 na farko, kuma tarkon da masu tambaya suke so shi ne cewa awannin suna farawa daga lokacin ƙunar, ba lokacin isowa asibiti ba. Idan ya iso bayan awa 2, mililita 4,200 ɗin za su shiga ne cikin awanni 6 da suka rage, wato 700 a awa.

Gwajin iskar jini ma a riƙa yin guda biyu ko uku a kowane zama har ya zama jiki. Adadin lafiya su ne pH, wato ma'aunin tsamin jini, daga 7.35 zuwa 7.45, iskar kabon daga 35 zuwa 45, baikabonet, wato sinadarin da ƙoda take rage tsamin jini da shi, daga 22 zuwa 26. Idan aka ba ku pH 7.28 da kabon 58 da baikabonet 25, jinin ya yi tsami, kabon ya taru, ƙoda kuma ba ta fara rama ba, saboda haka matsalar daga numfashi take. Kada a tsaya a sanya mata suna. A ci gaba da tambayar abin da nas zai duba a jikin majinyacin da kuma a na'urar numfashi, kamar toshewar bututu da majina ko ƙarancin yawan numfashin da aka saita.

Akwai adadin da babu makawa sai an haddace su, kuma waɗannan sun fi dacewa da zauren WhatsApp na rukunin, inda mutum ɗaya zai riƙa tura tambaya ɗaya kullum bi da bi. Ma'aunin Glasgow na farkawar hankali yana tafiya daga 3 zuwa 15, ido 4, magana 5, motsi 6, kuma daga 8 zuwa ƙasa ana tunanin kare hanyar iska. Danna ƙirji a farfaɗo da zuciya sau 100 zuwa 120 ne a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, adirenalin miligiram 1 duk bayan minti 3 zuwa 5. Kan gadon wanda ke kan na'urar numfashi ana ɗaga shi digiri 30 zuwa 45 don rage kamuwa da ciwon huhu. Mai jijjigar masu ciki da ake ba maganin maganizyam salfet ana duba motsin gwiwarta da numfashinta da fitsarinta, kalsiyam gulukonet kuma yana kusa don karya gubarsa. Zauren ya tsaya a kan karatu, gaisuwar Juma'a da sanarwar biki suna da nasu wuraren. Kuma kada a tura hoton majinyaci ko na fayil ɗinsa ko sunansa, ko da niyyar koyo ce, domin tona sirrin majinyaci laifi ne a aikin, ita kanta jarrabawar tana tambaya a kan haka.

Majinyatan da kuke gani a Kano, masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sanƙarau a lokacin zafi, da tatanas, da yaran da mashaƙo ya toshe wa maƙogwaro kamar yadda aka sha fama a 2023, kayan karatu ne masu daraja, amma ku yi hattara da abu ɗaya. Abin da ake yi a ɗaki saboda ƙarancin kayan aiki ko ɗaukewar wuta ba lallai ne ya zama abin da ƙa'ida ta ce ba, jarrabawa kuma ƙa'idar take nema. Duk lokacin da wani ya ce, "Mu a wajenmu haka muke yi," a buɗe littafi a gani. Idan gardama ta ƙi ƙarewa, a rubuta ta a kai wa malamin kwas ko likitan sa barci da ke kula da ɗakin, a dawo da amsa a zama na gaba maimakon a ɓata awa guda a kanta.

Jarrabawar hukumar tana da ɓangaren tambayoyin zaɓi a kwamfuta da kuma ɓangaren aiki a aikace, inda ake zagaya tashoshi cikin ƙayyadadden lokaci. Na biyun ba ya yiwuwa a shirya shi a zaune. Ku nemi izinin shugabar ɗaki ko ɗakin gwaji na makaranta, ɗaya ya zama mai jarrabawa riƙe da takardar matakai da agogo, ɗaya ya yi aikin yana faɗin abin da yake yi da murya, ko zuƙe majina ne daga bututun numfashi, ko kula da ramin da ake hudawa a maƙogwaro don numfashi, ko haɗa na'urar bugun zuciya. Ƙwararru sukan rasa maki a kan wanke hannu, da gabatar da kai ga majinyaci, da rubuta abin da aka yi, saboda sabo ya sa suna tsallake su ko suna yinsu ba tare da mai jarrabawa ya lura ba.

Idan saura wata guda, ku daina buɗe sababbin babi. Ku riƙa zama jarrabawar gwaji cikakkiya da agogo, a kan kwamfuta idan da hali, musamman saboda wanda bai saba da ita ba, sannan ku ba bitar amsoshin lokaci fiye da wanda kuka ba gwajin. Kowa ya ware tambayoyin da ya faɗi gida biyu, waɗanda bai san amsarsu ba da waɗanda ya sani amma bai karanta tambayar da kyau ba, domin maganin na farko komawa littafi ne, na biyu kuma rage gaggawa da lura da kalmomi irin su "da farko" da "ban da". Wanda ya zo da tambayoyin da aka ce sun fita daga jarrabawar a ƙi karɓa tun daga bakin ƙofa, saboda lasisin mutum ne yake cikin haɗari. A makon ƙarshe kuma ku taimaki juna da musayar diyuti, da sanin shugabar ɗaki, yadda babu wanda zai yi aikin dare a kwanaki biyun da ke gaban jarrabawar, kuma kowa ya tabbatar da takardar shaidarsa da wurin zamansa tun kafin ranar.