Jirgin Feshin Jan-baki: Yadda Yake Aiki da Shirin da Manoma Za Su Yi

Jirgin da ake turowa feshin jan-baki a fadamun Haɗeja, Auyo, Guri da Kirikasamma ƙarami ne, galibi mai farfela ɗaya a gaba. Farfelar ke jan sa. Idan gudu ya kankama, fukafukai su danna iska ƙasa, ita kuma ta ɗaga shi sama. Gudun nan shi ne ransa. Idan matuƙi ya ɗaga hancin jirgi har fiffike ya karkata fiye da kimanin digiri 15 ga iskar da ke tunkararsa, sai iskar ta daina bin bayan fiffiken, jirgi ya sulalo. Shi kuwa jirgin feshi ƙasa-ƙasa yake tafiya, ba shi da sararin farfaɗowa. Zafi ma na rage kaurin iska, shi ya sa jirgi mai cike da magani yake daɗewa yana gudu kafin ya tashi.

Aikinku na farko shi ne gano makwancin tsuntsayen, ba gonar da suke ɓarna ba. Ku bi garken da yamma har inda yake sauka, yawanci cikin kacalla. Ku ɗauki lambar GPS ta wurin da waya, wato lambar da ke nuna daidai inda wurin yake a taswira, ku kai wa malamin gona ta hannun dagaci. Ku lissafa masa duk wayar wuta, turken sabis, giginya ko kuka da ke kusa. Nan aka fi sakaci, alhali siririyar waya ba ta ganuwa idan rana ta yi ja.

Dab da magariba ake feshin, lokacin tsuntsaye sun dawo, iska ta lafa. Maganin, wanda aka fi sani da fenthion, yana fita ta ƙarƙashin fukafukai kamar hazo. Iska mai ƙarfi sai ta kwashe shi zuwa gari ko kogi, don haka idan an ɗage feshi kada a ga laifin matuƙi.

Ranar feshi a janye shanu, a rufe rijiyoyi, a sanar da masunta da makiyaya, a hana yara zuwa kallo. Washegari kada kowa ya tsinci mataccen tsuntsu don ci ko sayarwa. A sa safar hannu a tara su a binne nesa da ruwa. Wanda ya fara zufa, dalalar miyau, amai ko ganin dishi-dishi, a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya da shi asibiti, a faɗa wa likita sunan maganin.